Cinikin Mota: Kuɗin Baki da Kuɗin Takarda

A ƙasar Hausa in mai saye ya taya, mai kaya ya ce ya sallama, aka tafa hannu gaban shaidu, to ciniki ya faɗa, babu sauran wata magana. Haka muka taras ana yi a kasuwar hatsi da ta bisashe, haka kuma ake yi har yau. Amma akwai wata haja wadda wannan kyakkyawar al'ada ba ta isa ta tsare mai sayenta ba, ita ce mota ta hannu, wato wadda aka riga aka mora a wata ƙasa kana aka kawo mana. Dalili kuwa, in ka sayi rago ka biya, sai ka kama igiyarsa ka ja zuwa gida. Mota kuwa igiyarta ta takarda ce, kuma muddin wannan igiya ba ta shiga hannunka ba, ko ka biya ba ka mallaka ba.

Labarin da za mu bayar a nan gaskiya a gabanmu ya faru. Mun sakaya sunan mai saye da na mai sayarwa, domin ba tonon asirin kowa muke nufi ba. Abin da muke so shi ne wanda ya karanta ya tsira daga ramin da wani ya faɗa.

Yadda abin ya faru

Mai sayen nan kawuna ne, manomi kuma ɗan kasuwar aya da wake a yankin Cadawa, cikin jihar Maraɗi. Bai yi lakkol ba, amma ya yi yaƙi da jahilci, yana karatu da rubutu da Hausa, shi ke riƙe littafin lissafinsa da hannunsa. Damina huɗu ya yi yana tari, da niyyar sayen mota wadda babban ɗansa zai riƙa tuƙawa, tana ɗaukar mutane da kaya ranakun kasuwa tsakanin Cadawa, Gazawa da Maraɗi. Da aka ce masa motoci sun fi yawa da rangwame a Yamai, sai ya ɗaura kuɗinsa a ƙugu ya yi tafiyar fiye da kilomita 600.

Tun a tasha wani dillali ya tarbe shi, ya kai shi wani fili inda motoci ke jere reras babu lamba. Idonsa ya faɗa kan wata ƙirar Toyota mai dogon baya. Aka tayar da inji, aka zaga da shi cikin fili, makaniken da ya ɗauka ya duba ya ce babu laifi. Mai filin ya sa suna sefa miliyan 4. Aka yi ta ja, Kawu na tayawa, Alhaji na cewa albarka, har aka tsaya a miliyan 3 da jika 500.

Kafin ya kwance kuɗi, Kawu ya yi tambayar da ta kamata. Ya ce: "Alhaji, ke nan in na cika kuɗin nan sai in tafi da abata?"

Alhaji ya ce: "Malam, mota taka ce. Sauran ƴan takardu ne kawai, yara za su gama."

Kawu ya ƙirga miliyan 2 ya bayar kafin alƙalami. Aka rubuta masa resi da Faransanci, aka buga hatimi, ya dangwala hannu, ya ninke ya sa aljihu da farin ciki. Ya koma gida ya sayar da sauran ayarsa, bayan kwana 15 ya dawo da cikon miliyan 1 da jika 500, har da ɗansa domin su koma cikin motarsu.

Maimakon makulli sai aka miƙa masa wata takarda. Kuɗin duwan, miliyan 1 da jika 100. Ladan taransite, wato mai shiga da fita a ofishin duwan a madadin mai kaya, jika 90. Kuɗin ajiya da gadi na kwana 15, jika 30. La'adar dillali, jika 100. Batir da taya biyu da aka ce an sa sabbi, jika 80. Jimla miliyan 1 da jika 400, wato ƙarin kashi 40 cikin 100 a kan abin da aka tafa hannu. Motar miliyan 3 da rabi ta koma ta miliyan 4 da jika 900, ba a ma kai ga maganar lamba da asirans ba.

Kawu ya ce in haka ne ya fasa, a mayar masa da kuɗinsa. Alhaji ya ce kuɗi kam sun shiga wani kaya, kuma a ƙa'idar wurin wanda ya fasa ciniki ya yi asarar kafin alƙalaminsa. Murya ta tashi, mutane suka taru, aka raba su. Da magariba sai ga shi a gidana, ya san aikina fassara ne. Ko ruwa bai sha ba ya shimfiɗa takardu a tabarma, ya ce: "Ɗana, karanta mini abin da na sa wa hannu."

Abin da takardar ta ƙunsa

Resin layi uku ne. Ya ce an karɓi sefa miliyan 2 a matsayin "avance" a kan mota kaza, wadda kuɗinta miliyan 3 da jika 500 ne, sa'an nan a ƙarshen layi aka ƙara kalma biyu ƙanana: "sous douane". Ma'anarsu, mota tana ƙarƙashin hannun duwan, ba a biya mata kuɗin fito ba. Waɗannan kalmomi biyu su ne miliyan guda da ɗoriya. Su ne Alhaji ya kira "ƴan takardu".

Ya kamata kowane mai niyyar sayen mota ya haddace kalmomi huɗu, ko da bai san wani Faransanci ba bayansu. "Sous douane" mun faɗi ma'anarta. "Dédouané" kishiyarta ce, wato an biya duwan an gama. Haruffan "HT" na nufin ba a haɗa da haraji ba. Haruffan "TTC" kuwa na nufin an haɗa dukan haraji a ciki. Tsakanin HT da TTC akwai tazara mai faɗi, tun da harajin TVA kaɗai a ƙasarmu kashi 19 cikin 100 ne, ban da kuɗin fito da sauran ƙananan kuɗaɗe da ake haɗawa da shi.

Abin baƙin ciki a nan shi ne, Kawu ba jahili ba ne. Da an rubuta masa da Hausa cewa "ban da kuɗin duwan", da ya karanta da kansa, da bai kwance ƙugunsa ba. An yi masa ciniki da harshen da yake ji, aka ɗaure shi da harshen da ba ya ji.

Daga ina motocin nan suke fitowa?

Domin mu gane inda waɗannan kuɗaɗe ke taruwa, sai mu bi sawun motar tun daga mafarinta. Manyanmu suna tune da shekarun 1970 da 1980, lokacin da Turawa matasa ke tuƙo Peugeot 404 da 504 daga Faransa, su ratsa Aljeriya ta Tamanrasat, su shigo ta Asamaka, su sayar a Arlit da Agadas ko su gangaro har kudu. A farkon shekarun 1990 rashin kwanciyar hankali a Aljeriya da arewacin ƙasarmu ya kashe wannan hanya, sai ciniki ya koma ta teku. Ana tara motoci a ƙasashen Turai, ana loda su a tashoshin jiragen ruwa irin ta Anbas a ƙasar Beljik, ana sauke su a Kotono da Lome. A da, daga Kotono sukan biyo ta Paraku da Malanbil, su haye gadar Gaya, su bi Doso zuwa Yamai, tafiyar kimanin kilomita 1000, wasu kuma su karkata gabas zuwa Ƙonni, Maraɗi da Damagaram.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da ya sa sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa, kowa ya raja'a ga ta hannu. Tun 1999 kuma sefa tana ɗaure da kuɗin Yuro, Yuro ɗaya kusan sefa 656, saboda haka duk abin da ya hau a Turai sai mun ji shi a nan. A 2023, bayan takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasarmu, hanyar Gaya ta toshe, kaya masu yawa suka koma biyowa daga Lome ta Burkina Faso, ta Kaya da Dori da Tera, cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki suka ƙaru, kuɗin dako ya hau.

Ke nan kafin mota ta tsaya a fili a Yamai, an biya mata kuɗin jirgi, da na tasha, da na ratsa ƙasashen da ta bi, da na direba ko na babbar motar da ta ɗauko ta. Mai fili ya san wannan lissafi duka, ya zuba shi cikin kuɗin da ya sa wa motar. Abin da yawanci ba ya zubawa shi ne na ƙarshe kuma mafi nauyi, wato fiton shiga ƙasa. Yana da dalilinsa: in ya biya duwan ga kowace mota tun ba ta samu mai saye ba, jarinsa ya kwanta. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a bar mai saye cikin duhu har sai kuɗinsa sun fita daga hannunsa.

Kuɗi iri uku

Duk abin da za a nema daga mai sayen mota bayan kuɗin ciniki, ba ya wuce ɗayan uku.

Na farko haƙƙin gwamnati ne da abin da doka ta wajabta. A ciki akwai fito da haraji na duwan, wanda ake yankewa bisa darajar mota da shekarunta. Akwai kuɗin lamba da na kart griz, wato takardar da ke shaida sunan mai mota. Akwai bizit teknik, inda ake duba lafiyar birki da fitila da sauransu. Akwai binyet ta shekara. Akwai asirans, wanda dokar CIMA da ƙasarmu ke ciki tun yarjejeniyar Yawunde ta 1992 ta tilasta wa duk mai mota, domin biyan diyyar wanda aka yi wa ɓarna. Wanda zai ɗauki fasinja kuma yana da wasu takardun sufuri a kan waɗannan. Alamar irin wannan kuɗi ita ce kowane ɗaya yana da takardar shaida mai hatimi, daga ofishi sananne. Ba a gudunsu, ba a kuma roƙon ragi a fili, amma ana iya sanin adadinsu tun kafin ciniki.

Na biyu ladan aiki ne: na taransite, na makanike, na dillali. Waɗannan halal ne in an yi aikin, in kuma an shirya tun farko wa zai biya, nawa ne.

Na uku shi ne wanda ba ya da uwa ba ya da uba, wanda ke tsirowa bayan an karɓi kafin alƙalami: kuɗin gadi da ba a ambata ba, gyaran da ba a nema ba, kayan da suke jikin mota ranar da aka gan ta amma aka dawo aka sa musu kuɗi dabam. Alamarsa ita ce ba ya zuwa da resi, kuma yana ƙaruwa gwargwadon yadda aka ga mai saye ya matsu.

Abin da doka ta ce, da abin da malamai suka ce

Kundin dokokin zaman jama'a da kotunan ƙasarmu ke aiki da shi, wanda ake kira Code civil, bai yi shiru a kan wannan ba. Aya ta 1591 ta shar'anta cewa masu ciniki su yanke kuɗi su ambace shi. Aya ta 1602 ta ɗora wa mai sayarwa nauyin bayyana abin da ya ɗauka wa kansa dalla-dalla, ta kuma ce in magana ta zo da duhu ko harshen damo, a kansa ake fassara ta, ba a kan mai saye ba. Aya ta 1641 ta sa shi lamunin ɓoyayyen aibi wanda ke hana a mori abin da aka saya. Amma kada mai saye ya ɗauka kome nasa ne: aya ta 1593 ta ce kuɗin takardun ciniki da makamantansu a wuyan mai saye suke. Saboda haka kart griz da lamba, in ba a yi wani sharaɗi ba, shi zai biya.

Maganar asarar kafin alƙalami kuma tana da bayani. Aya ta 1590 ta san wani irin kuɗi da ake kira "arrhes": wanda ya bayar in ya fasa ya rasa su, wanda ya karɓa in ya fasa ya mayar da ninki biyu. Amma ba kowane kuɗin da aka fara bayarwa ne ke shiga wannan hukunci ba. In wani sashe ne na kuɗin kaya kurum aka gabatar, to ciniki ya ɗaure duka biyun, kuma mai kaya ba ya da ikon ya riƙe mota ya riƙe kuɗi don ransa ya so. A resin Kawu "avance" aka rubuta, ba "arrhes" ba. Ban da wannan, a 2015 ƙasarmu ta kafa dokar kare haƙƙin masu saye, wadda ta amince cewa sanar da mai saye gaskiyar abin da zai saya da kuɗinsa haƙƙinsa ne, ba alfarma ba.

Ta fuskar addini maganar ta fi ma tsanani. Duk wanda ya zauna zaure ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an hana algus, da yaudara, da ɓoye aibi, da cinikin da ba a san iyakar kuɗinsa ba. A mazhabar Imamu Malik kuwa, wadda muke bi, ba a yarda mai kaya ya cinye kafin alƙalami don ciniki ya watse ba. Ashe abin da Hausawa ke kira cinikin biri a sama, da doka da shari'a duk sun ƙi shi.

Yadda aka sasanta

Washegari ba mu nufi komsariya ba, ba mu nufi kotu ba. Shari'a tana cin kuɗi da kwanaki, ga Kawu baƙo ne, gonarsa da iyalinsa suna nesa. Muka nemi dattijon da masu sayar da motoci na wannan wuri suke girmamawa, wanda suke kai wa ƙara in sun saɓa a tsakaninsu. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwa, ya kira Alhaji, ya kira dillali, ya ce kowa ya faɗi nasa.

Alhaji bai yi musun abin da ya faɗa ba. Ya ce: "Baba, kowa a wannan sana'a ya san motar da ba ta da lamba ba a biya mata duwan ba. Ga shi kuma a rubuce. Ni ban ɓoye kome ba."

Dattijo ya ce: "Alhaji, kowa a wannan sana'a ya sani, amma wannan bawan Allah ba a sana'arku yake ba. Baƙo ko da idonsa makaho ne. Ya tambaye ka da Hausa, da ka amsa masa da Hausa."

Daga nan aka bi lissafi ɗaya bayan ɗaya. Dattijo ya ce a kawo takardar da ke nuna abin da duwan ta yanke. Aka aika wurin taransite, takarda ta zo, sai ga jika 980 a rubuce, ba miliyan 1 da jika 100 ba. Da aka tambayi ina jika 120 suka shiga, aka ce na kai-da-kawon yara ne. Babu resi, aka soke. Kuɗin gadi aka soke, tun da da yardar Alhaji aka yi wa'adin kwana 15, bai kuwa ambaci ko dala ba a lokacin. Batir da tayoyi, makaniken Kawu ya shaida su ne a jikin mota ranar da ya duba ta, aka soke. La'ada kuma dattijo ya ce a al'adar kasuwa daga wajen mai kaya take fita in ba a yi sharaɗi ba, kuma dillalin nan yaron fili ne, wanda ya ci ladan kuturu shi ke yi masa aski. Jimlar abin da aka zubar jika 330.

Amma fiton duwan da ladan taransite, miliyan 1 da jika 70, suka tsaya a wuyan Kawu. Dattijo ya ce masa: "Malam, wannan na gwamnati ne, ko a wurin wa ka saya sai an biya shi, kuma hannunka na kan takarda. In ka ce a warware ciniki, ba zan hana ba, amma Alhaji ya ce sai ya sayar da wata motar zai iya mayar maka, ban kuwa san ranar ba." Kawu ya yi shiru, ya dubi ɗansa, ya ce ya ɗauka.

Kada mai karatu ya ɗauka an yi nasara. Kafin ya haɗa wannan kuɗi da na lamba da na asirans, sai da Kawu ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya kuma ci bashi wurin abokin kasuwancinsa. Mota ba ta bar Yamai ba sai bayan mako bakwai, lokacin kasuwannin kaka, da ya yi lissafin zai fara mayar da kuɗinsa da su, sun riga sun ja baya. Yau mota tana aiki, amma ribarta ta farko ba gida take shiga ba, bashi take biya. Ranar da za su tafi ya ce mini: "Ɗana, da na san kuɗinta na gaskiya, da ƙarama na saya, shanuna suna turke." Wannan ita ce ainihin ɓarnar ɓoye kuɗi: ba ƙari kaɗai take jawowa ba, tana ƙwace wa mutum ikon zaɓen abin da ya yi daidai da ƙarfinsa.

Abin da mai saye zai yi

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda zai sayi mota, kada ya tambayi "nawa ce?" ya tsaya nan. Ya tambaya: nawa zan kashe duka, daga yau har ranar da kart griz za ta fito da sunana? Ya sa a lissafa masa ɗaya bayan ɗaya, a faɗi wanda ke wuyansa da wanda ke wuyan mai fili.

In an ce an biya duwan, ya ce a nuna masa takardar biya, ya gwada lambar shasi da ke kanta da wadda ke jikin mota, harafi da harafi. Gani ya kori ji. In ba a biya ba, ya je wurin taransite mai izini da kansa, ya ji adadi daga bakinsa kafin ya ba da ko tamma.

Kada ya dangwala hannu a takardar da bai fahimta ba. Ya nemi wanda ya amince da shi, ba yaron fili ba, ya karanta masa. Ya fi kyau ma ya ɗauki alƙalami ya rubuta sharuɗɗan da Hausa a bayan resin ko a wata takarda: kuɗin mota, abin da aka haɗa, abin da ba a haɗa ba, ranar ba da makulli, wa zai biya la'ada, da abin da zai faru da kafin alƙalami in ɗaya ya fasa. Shi da mai fili da shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe tasa. In kuɗin suna da yawa, a kai a buga hatimin hukuma. Wanda ya sha wahalar zama ajin yaƙi da jahilci, ga ranar da karatunsa zai biya shi.

Kafin alƙalami kuma ya zama kaɗan. Wanda ya ba da fiye da rabin kuɗi tun bai ga takardu ba, ya miƙa wa wani linzaminsa. Ya rubuta lambar tayoyi da sunan batir, ko ya ɗauki hotonsu da salula. In rigima ta taso duk da haka, ya fara da dattawan wurin ko sarakunan gargajiya, waɗanda doka ta ba ikon sasanta mutane. In abin ya faskara, akwai ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye, akwai kotu, kuma a can takarda ce ke magana.

Kira ga mahukunta da masu sana'a

Ba dukan masu sayar da motoci ne macuta ba. Da yawansu mutanen kirki ne, sun zuba dukiyarsu cikin hanya mai hatsari, suna ciyar da direbobi da makanikai da masu gadi. Su ne ma ya kamata su fi kowa son a gyara, domin wake ɗaya ke ɓata gari. Me zai hana ƙungiyoyinsu su wajabta a manna wa kowace mota takarda a gilashi, mai nuna kuɗi biyu, na kafin duwan da na bayan duwan?

Ga ma'aikatun da ke kula da kasuwanci da sufuri kuma, aikin ba mai tsada ba ne. Takardar ciniki guda ɗaya, shafi ɗaya, da Faransanci a gefe da harsunan ƙasa a gefe, wadda za a tilasta amfani da ita a kowane fili, ta isa ta kashe rabin irin wannan rigima. A kafa allo a ƙofar ofisoshi mai nuna kuɗin kowace takarda, a kuma riƙa bayani a rediyo. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaukaka Hausa ya mai da ita harshen ƙasa, wurin da talaka zai fara ganin amfanin wannan mataki shi ne a takardar da yake sa wa hannu ranar da ya kwance tarin damina huɗu.

Rashin sani ya fi dare duhu. Allah shi ba mai saye basira, shi ba mai sayarwa tsoronsa, shi sa albarka a cikin nemanmu baki ɗaya.